Rautar Dayi Ba Za Ta Zama Ta Uku Ba

Ofishin Ciyaman,
Ƙungiyar Manoma ta Albarkar Damina,
Funtuwa.
Litinin.

Zuwa ga Injiniya Naja'atu Abdussamad,
Mai kula da sadarwar ƙungiya.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na kira ki da sunan aikinki ne don ki san wannan takarda ba daga kawunki ta fito ba, daga Ciyaman ta fito.

Kin san sharaɗin da kamfanin da ya ba mu taki ya gindaya. Ba buhun da zai fita daga sito sai manomi ya dangwala yatsa, na'ura ta tambayi babbar kwamfutar da ke nan Funtuwa, ta tabbatar shi ne. Saboda haka kwamiti ya yarda aka sayo na'urar haɗa layin sadarwa, wato rauta, guda uku, ɗaya a nan, ɗaya a Dandume, ɗaya a Dayi, aka ba ki aikin haɗa su. Ni na tsaya miki lokacin da wasu ke cewa a ɗauko namiji daga Kaduna. Na ce ɗiyar yayata ce, jami'a ta gama, ta san aikinta. Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Tun makon jiya reshen Dayi ya ɓace daga allon da ke bangon ofishina. Dandume kuwa tana zuwa tana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Takin yuriya na cikin sito, masara na gona tana jira, manoma na wuni a ƙofa. Jiya wani ya tare ni a bakin masallaci, ko takalmi ban gama sawa ba, yana tambayata ko mun sayar da takin ne a ɓoye. Ni ake yi wa wannan tambaya.

Ina so ki amsa mini a rubuce: me ya lalace, wa ya lalata, yaushe za a gyara. Kada ki cika ni da Turanci. Idan kuma aikin ya fi ƙarfinki, wannan ma amsa ce, ki faɗa mu nemi wani kafin damina ta wuce mu.

Na sa direba ya kai miki Dandume, tunda an ce can kike, kuma duk lokacin da na kira wayarki sai in ji kina kan wani kiran.

Wassalam.
Alhaji Haladu Jibo,
Ciyaman.


Dandume.
Talata.

Ranka ya daɗe, Ciyaman,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Ciyaman da aiki. Idan ya haɗu da kawuna a ofis, ya isar masa da gaisuwata, ya ce ina tambayar ciwon ƙafarsa.

Tambaya uku ka yi, ga amsa.

Rauta aikinta ɗaya ne. Saƙo ya zo mata, ta duba inda za shi, ta nuna masa hanya. Don kada in riƙa bin kowacce ina rubuta mata hanyoyi da hannu, na ɗora su a kan wani tsari da ake kira OSPF. Wannan ne kaɗai Turancin da ke cikin takardar nan. A tsarin, rautocin suna gaisawa da juna a kai a kai, kowacce ta faɗi lambarta, ta faɗi abin da ke bayanta. Da lambar suke gane juna. Na ba Funtuwa ɗaya, Dandume biyu, Dayi uku, saboda haka na ciro su daga kwali.

Yanzu rauta biyu ne ke amsa lamba ɗaya. Jiya na zauna gaban ta Dandume ina kallon abin da ke shigo mata. Ta Funtuwa ta ce ni ce ɗaya, babbar kwamfuta tana bayana. Dandume ta rubuta. Can sai ta Dayi ta ce ni ce ɗaya, babu komai a bayana sai sito. Dandume ta goge, ta sake rubutawa. Sai Funtuwa ta ce ƙarya ne, ni ce. Haka suke yi tun makon jiya, ba su gajiya, shi ya sa kake ganin Dandume tana zuwa tana ɗaukewa. Su biyun kuwa, kowacce in ta ji gaisuwa da lambarta ba ta amsawa. Ba sa magana da juna ko kaɗan. Na san wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Ciyaman.

Wa ya lalata? Rauta ba ta canza lambarta da kanta. Ba tsawa ba ce, ba ɓera ba ne, ba kuma iskokai ba, kamar yadda maigadin nan ya ba ni shawara in bincika. Mutum ne ya shiga ya canza, da kalmar sirrin da ka umarce ni in bar wa kowane manajan reshe a cikin ambulan, bayan na ce kada a yi haka. Da ya gama kuma ya canza kalmar, ya bar ni a waje.

Ranar Asabar na je Dayi. Na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin rauta. Na wuce gidan manajan reshe, wato yayanka, Kawu Rabe, aka ce ya tafi gona. Takalminsa na ƙofar zaure, babur ɗinsa na jingine da bango, rediyonsa na ta labarai a ciki. Na gaida takalmin na juyo.

A ƙofar sito na ga abin da ba ya fitowa a allonka. Akwai wata dattijuwa, kowa Tsohuwa yake ce mata, ta ƙulle ganyen masararta a gefen mayafi tana nuna wa duk wanda ya yi kama da ma'aikaci. Ta nuna mini. Ya yi rawaya daga baki har tsakiya. Idan masara ta fara goyo ba ta sha yuriya ba, ka fi ni sanin abin da za a girba.

Yaushe za a gyara? Hanya biyu ce. Ko a buɗe mini ɗakin Dayi, ko in canza lambar Funtuwa zuwa wata, kowacce ce, rigima ta ƙare. Ta biyun ba za ta kai shan kofin shayi ba, sai dai dole ina cikin ɗakin, don na saita rautar hedikwata yadda ba a shigarta daga nesa. Gobe zan dawo. In ka ba da izini, kafin azahar manoman Dayi sun fara ɗaukar buhunansu.

Aikin bai fi ƙarfina ba. Kwaɗon ne ya fi.

Ka huta lafiya.
Naja'atu.


Ofishin Ciyaman,
Funtuwa.
Laraba.

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ban ba da izini ba.

Funtuwa hedikwata ce. Nan aka yi wa ƙungiya rajista, nan kamfani ya sani, nan baƙi ke sauka. Idan na sauka daga ɗaya yau don wani ya sa kwaɗo a ɗaki, gobe kujerata zai sa wa kwaɗo ya ce in nemi benci. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba shi zai ajiye. Na karɓi makullin ɗakin rautar nan daga hannun maigadi, yana wurina, kada ki wahalar da kanki.

Ki rubuta wa Manajan reshen Dayi ki ce ya mayar da na'urar ƙungiya yadda ya same ta. Ni ba zan rubuta masa ba. A tsarin ofis, reshe ke rubuto wa hedikwata.

Maganar manoma na ji, kuma ta dame ni fiye da yadda kike zato. Alhakinsu yana wuyan mai kwaɗo.

Ƙafa da sauƙi. Rainin da ke cikin takardarki kuma na gan shi, na ajiye, zan kai wa Hajiya Adama ta ga abin da jami'a ta koya wa ɗiyarta.

Wassalam.
Alhaji Haladu Jibo,
Ciyaman.


Dayi.
Juma'a, bayan an sauko.

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu, ɗiyar Adama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da uwarki, da kowa da kowa. Mu nan lafiya lau, ruwa yana sauka, mun gode Allah. Fiddausi ɗiyata ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Takardarki ta iso. Kina tambaya wa ya taɓa na'ura. Ni ne. Ba ɓoyewa nake ba. Ranar Asabar ma ba ɓuya na yi ba, raina ne a ɓace, ban so in gaya miki abin da zan ji kunyar uwarki daga baya.

Ƙungiyar nan a zaurena aka haife ta, a kan tabarmata, lokacin Haladu yana Zariya yana koyon sa wando mai karin guga. Ni na goya shi zuwa wurin allurar rigakafi yana tsala ihu a kunnena. Ni na sayar da maraƙina aka yi masa akwatin makaranta. Da aka ce ciyaman sai mai takardar boko, na yi shiru. Da aka ɗauke ofis aka kai Funtuwa, na yi shiru. Da aka fara rubuta mini Manaja, kamar mai tsaron gidan mai, nan ma na yi shiru.

Sai ranar buɗe na'urorinku. Ga hakimi zaune, ga baƙi, aka kunna allo. Funtuwa ɗaya. Dandume biyu. Dayi uku. Har Dandume, Naja'atu, waɗanda suka shigo ƙungiya shekaranjiya. Wani abokin wasana mutumin Matazu ya juyo ya ce, Alhaji, ashe kai ne autan gidanku. Aka kwashe da dariya. Haladu ma ya yi, na ga haƙorin Makkansa. Bai isa ba, sai kika manna takarda a jikin akwatin da rubutun hannunki, Na Uku, kullum in na shiga ɗakin ita ke fara gaishe ni.

A gidanmu ba a taɓa zuba wa ƙane tuwo kafin wa ba. Uwarki ta sani, ki tambaye ta. Ke kika zo da na'ura daga waje kika jera mu yadda kika ga dama, ko shawara babu.

Awaisu mijin Fiddausi, mai shagon waya da kyamarar tsaro a Malumfashi, ya ce abu ne mai sauƙi, ya gani a bidiyo. Na ba shi ambulan, ya mayar da ni ɗaya, na sa masa albarka. Ban ce a sauke Haladu ba. Ya zauna a ɗayarsa, in zauna a tawa. In na'urarku ba ta iya ɗaukar mu biyu, to ita ce ba ta da tarbiyya, ko kuma wanda ya kamata ya matsa ya matsa. Ya san kansa.

Manoma kuwa mutanena ne, tare muke sallah, na fi ki jin zafinsu. Na gaya musu matsalar daga Funtuwa take, kuma ban yi ƙarya ba.

Ki gaida uwarki. Allah ya yi miki albarka, ya shirye ki.

Kawunki,
Alhaji Rabe Jibo.

Yaya Naja, ni ce Fiddausi. Baba ya tafi alwala. Awaisu ko abinci ba ya iya ci, ya ce bai san abin zai kai haka ba. Ya so ya mayar, Baba ya karɓe makullin ya sa a aljihun 'yar ciki. Don Allah kada ki ce na faɗa.


Funtuwa.
Asabar.

Kawu, Allah ya ƙara girma,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ga takardarka, na kuma gode da ka faɗi gaskiya, ka rage mini aiki. Hajiya tana amsawa. Na tambaye ta maganar tuwo, ta ce haka ne, ta kuma ce ita da ke tsakaninku sau da yawa sai ta tarar kun cinye.

Kawu, rauta ba ta san wa ya goya wa ba. Ba ta san zaure ba, ba ta san maraƙi ba. Lamba ce kawai take so wadda ba ta kowa ba, kamar lambar babur. Da na san za a karanta ta kamar jerin haihuwa, da na ba su lambobi masu tsawon da ba mai iya riƙewa.

Amma tunda maganar girma ake yi, bari in gaya maka abin da ban ga dalilin faɗa ba ranar biki. A tsarin nan, rautocin da ke kan layi ɗaya suna zaɓen jagora, wadda kowacce za ta kai wa labarin hanyoyinta, ita kuma ta rarraba wa sauran. Ba a kamfen, ba a raba atamfa. Wadda lambarta ta fi yawa ita ce jagora. Uku ta fi biyu, ta fi ɗaya. Tun ranar da aka kunna su, rautar Funtuwa wurin ta Dayi take kai rahoto. Wato Awaisu sauke ka ya yi daga shugabanci, kai kuma ka sa masa albarka. Ka ce ya duba a bidiyonsa, zai gani.

Ban faɗi wannan don in faranta maka ba. Na faɗa ne don ba ni da wata hanya. Ƙanenka ya kulle ɗakinsa, kai ka kulle naka, ni kuma ina yawo tsakanin ƙofa biyu da laftof a jaka kamar mai tallan turare.

Da zan bar Dayi na bi ta gonarka ta bakin hanya. Masararka kore shar, har tana baƙi-baƙi. Ka sayi takinka a kasuwa tun da wuri, Allah ya sa albarka. Gonakin da ke bayan taka ba su da wanda zai saya musu. Ka ce ka fi ni jin zafinsu. Mai yiwuwa ne. Ni dai abin da na sani, makullin ba a hannuna yake ba, kuma masara ba ta jiran a sasanta 'yan'uwa.

Ka gaya musu matsalar daga Funtuwa take. Su kuma sun yarda, don kai ne, don ba su taɓa jin ka yi musu ƙarya ba. Wannan ya fi kwaɗon ɓata mini rai.

Roƙona biyu. Ka sa Awaisu ya mayar da uku, ya kashe rautar ya kunna. Sannan maganar jagora ta tsaya tsakanina da kai. Na san wanda nake roƙo, amma dai na roƙa.

Ka gaida Fiddausi, rubutunta ya yi kyau. Ka huta lafiya.

Ɗiyarka,
Naja'atu.


Funtuwa.
Laraba.

Naja'atu,

Salamu alaikum. Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Ranar Lahadi layi ya dawo, aka fara raba taki, har na ce wa sakatare ya shirya miki takardar yabo. Ranar Litinin, a wurin sunan jikan Alhaji Zaharaddeen a Malumfashi, Manajan Dayi ya miƙe tsaye, ba wanda ya tambaye shi, ya sanar da jama'a cewa na'urar Funtuwa kullum sai ta je Dayi gaisuwa kafin ta kama aiki. Ya ce injiniya ce ta faɗa, a rubuce. Ya zaro takardarki daga aljihu. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu ana cin waina, har maiƙo ya taɓa ta. Ina zaune a wurin.

Wato tun farko kin san haka, kika bar ni ina shiga ofis kowace safiya ina kallon ɗaya a allo ina jin daɗi kamar wawa.

Jiya na tsaya a kanki kika mayar da Funtuwa huɗu, kina ta cika kina batsewa. Kafin azahar Dayi ta zama biyar. Na sa kika mayar goma, ya koma ashirin. Sai kika ce za ki yi sallah, daga nan aka gan ki a tashar motar Dandume. Kin ce kowane canji yana yanke layi, na'urar dangwale ta watsar da aiki a sake daga farko. Wannan ki gaya wa wanda ya fara.

Ga umarni. Ki dawo ki ba Funtuwa lambar da babu ta sama da ita. In ba haka ba zan zare wayar rautar nan da hannuna, kowa ya huta, har sai kwamiti ya zauna. Kin san ni, kin san zan yi.

Alhaji Haladu Jibo,
Ciyaman.


Dandume.
Juma'a.

Zuwa ga Kawu Rabe da Kawu Haladu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya. Takardar nan guda biyu na rubuta. A ta Dayi sunan Kawu Rabe ne a gaba, a ta Funtuwa na Kawu Haladu. Na faɗa ne tun yanzu don kada wani ya ji a wurin suna.

Ranar Talata, lokacin da nake ƙara lamba a Funtuwa, Awaisu yana ƙarawa a Dayi, mai kula da sito ya ce Tsohuwa ta kai gaban tebur. Ta sa yatsa, layi ya yanke. Aka ce ta jira. Ya dawo, ta sake sawa, ya sake yankewa. Ta tambaye shi ko yatsanta ne ya tsufa na'ura ba ta gane shi. Ta je gidan da ke kusa ta roƙi sabulu, ta wanke shi, ta dawo ta koma ƙarshen layi. A lokacin Dayi tana murnar ashirin.

Kawu Haladu yana son lambar da babu ta sama da ita. Akwai ta. Awaisu ma ya iya rubuta ta, sai mu koma inda muka fito, rauta biyu da lamba guda, ba mai amsa gaisuwar wani. Ba zan yi ba.

Ga abin da na yi. A tsarin akwai wani saiti da ake dubawa kafin a kai ga lamba. Na ɗaga na Dandume. Da Awaisu ya sake kashe tasa ya kunna, da Kawu Haladu ya zare wayar rautarsa ya mayar don ya tsorata ni, rautocin suka sake zaɓe, Dandume ta ci. Ku da kanku kuka naɗa ta. Kuma tsarin ba ya sauke jagora mai ci don wani ya zo da babbar lamba daga baya, yana da wannan kirkin. Yanzu ko miliyan mutum ya rubuta, wurin Dandume zai kai rahoto. Na canza kalmar sirrinta, ba ta cikin ambulan ɗin kowa. Hajiya Rukayya, manajar nan, ba ta taɓa tambayata lambarta ba. Da na ce mata rautarta ce shugaba yanzu, ta ce to, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Abu na biyu. Jiya na je Dayi na tsaya a ƙofar sito na yi wa manoma bayani da Hausa. Na ce ba tsawa ba ce, ba kamfani ba ne, ba kuma yatsunsu ba ne. Na ce layi lafiyarsa ƙalau, daga yau in ya yanke, ɗaya daga cikin mutum biyu ne ya taɓa. Na faɗi sunayen, na faɗi dalili. Ba su yi dariya ba, Kawu Rabe, in wannan ne abin da kake tsoro. Can wani ya tambaye ni unguwar da Ciyaman yake a Funtuwa, na ce ya tambayi direbobi.

Tsohuwa ta karɓi nata kafin la'asar. Ta ce ya makara, amma za ta zuba, tunda ba a mayarwa.

Na san za ku ce na tona asirin gida. Asirin ya riga ni fita, yana tsaye a gonakin mutane, rawaya, duk mai wucewa yana gani. Na yi makaranta don in haɗa ofis uku, na haɗa. Ba a koya mana abin da ake yi ba idan dattawa biyu masu jikoki suka mayar da abincin shekarar mutane abin auna tsawo.

Allah ya ƙara muku lafiya da girma, kowa gwargwadon lambarsa.

Ɗiyarku,
Naja'atu.


Ƙungiyar Manoma ta Albarkar Damina.
Malumfashi.
Litinin.

Zuwa ga Malama Naja'atu Abdussamad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa.

Mu biyu da muka sa hannu a ƙasa mun zauna jiya, mun tattauna cikin fahimta da 'yan'uwantaka, kuma bakinmu ya zo ɗaya. An sallame ki daga aikin ƙungiya daga yau, saboda rashin ladabi ga magabata, da kai maganar cikin gida gaban jama'a, da kuma naɗa shugaba ba tare da sanin kwamiti ba.

Ki miƙa laftof ɗin ƙungiya ga sakatare. Ki kuma rubuto kalmar sirrin rautar Dandume nan take, domin Malam Awaisu, wanda aka ba riƙon ƙwarya, ya gyara ɓarnar da kika yi. Yadda za a raba lambobi mun ɗage shi zuwa wani zama.

Mun sanar da Hajiya Adama. Ta ce ba ruwanta.

Wassalam.
Alhaji Rabe Jibo, Uban Ƙungiya.    Alhaji Haladu Jibo, Ciyaman.


Funtuwa.
Talata.

Kawunnaina,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, ina kuma taya Kawu Rabe murnar sabon muƙami. Laftof yana wurin sakatare.

Kalmar sirri haƙƙin ƙungiya ce, zan bayar. Mai sito na Dayi ya ce taki ya kusa rabi, kuma layi bai yanke ba tun ranar Alhamis. Ranar da buhun ƙarshe ya fita, ku same ni a gidan Hajiyata in rubuta muku ita.

Ku zo tare. Na ga kun iya.

Ku huta lafiya.
Naja'atu.